Daga Dakwaro zuwa duwatsun Adar: yadda ake tare wutar daji

Shekarar da damina ta yi kyau a arewacin jihar Maraɗi, a ita ne hankalin makiyayi ba ya kwanciya. Ciyawa ta yi tsawo, ta haɗe ba ɓaraka, kuma da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba sai ta bushe ƙamas cikin ƴan makonni. Daga nan tsinken ashana ɗaya ya isa. Wannan ne ya sa na kama hanyar Dakwaro a farkon Nuwamba, lokacin sharar layukan tare wuta, watau dogayen filaye da ake kankare wa ciyawa don wuta ta rasa abin ci, da niyyar in zagaya daga baya ta duwatsun Adar, inda wuta ke da wani hali nata dabam.

Daga Maraɗi ana bi ta Tibiri a karya arewa, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. Har a ƙetare Gulbin Kaba da goribarsa a kai Kornaka, gonakin hatsi ne dama da hagu, an gama girbi, kara a tsaye. Cikin gonakin ga gawo ya fara sabon ganye, ga kalgo da sabara da aduwa. Yawancinsu ba dashe ba ne. Sassabin zamani ne, wanda Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara yaɗawa a nan Maraɗi daga 1983: manomi ya samu kututture mai rai, ya zaɓi tsiro biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi ya bari, ya datse saura da kaifin adda, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 ta wannan hanya, akasarinsu a Maraɗi da Damagaram. Wanda ke da ƙananan itatuwa a gonarsa kuma ba ya sakin wuta ta bi gona. Yakan tara sassabe tsibi-tsibi nesa da su ya ƙone. Ko da wuta ta kuɓuce ma, ba ta nisa a nan, don an kwashe kara, dabbobi sun tattake saura, tsakanin kunya da kunya rairayi ne.

Ana wuce Dakwaro aka gangara kwarin Tarka, sai ƙasa ta sake. Dokar 1961 ce ta shata iyakar noma ta arewa, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta. Gaba sai jigawa bayan jigawa, an lulluɓe su da ƙarangiya da komayya da gadagi, itatuwa jefi-jefi: aduwa, kandili, danya, jiga. Ɗan birni zai ce fili ne kawai. A wurin Fulani da Buzayen Bermo, yankin makiyaya da ke arewa da Dakwaro, nan ne rumbu.

Ciyawar nan ta shekara guda ce. Daga iri take tsirowa da ruwan fari, ta yi ƴaƴa, ta mutu. Ba kamar gamba ba, wadda saiwarta ke raye a ƙasa, in an ƙone ta da wuri ta yi toho. Shi ya sa ƙunar wuri da ake yi da gangan a dazuzzukan kudu masu yawan ruwa, tun ciyawa na da sauran ɗanyantaka, ba ta da wurin zama a Bermo. A nan abin da ya ƙone ya tafi ke nan sai wata damina, wata takwas ko tara. Wani kaso na irin da ke saman ƙasa ya bi shi, iska kuma ta samu ƙasa a tuɓe ta yi ta kwasa har bazara.

Ma'aikatan kiwo suna da lissafin da suke yi duk ƙarshen damina. Dabba mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata a rana, rani kuma ana ƙirga shi kwana 270, watau kusan tan 1.7 ga kowace. Ba duk ciyawar da ke tsaye ce ke shiga cikin dabba ba. Kashi ɗaya cikin uku ake lissafawa, saura tattaki da gara da iska sun raba. To in hekta tana ɗauke da tan ɗaya da rabi, saniya ɗaya na buƙatar hekta 3 da ɗoriya kafin ta ga sabuwar ciyawa. Wutar da ta ci hekta 1,000 ta cinye abincin shanu wajen 300. Hekta 1,000 kuwa faɗin kilomita 2 ne a tsawon kilomita 5, abin da wuta ke lashewa tsakanin azahar da la'asar in iska ta ba ta baya.

Wuta ba ta gudu sosai in ciyawa ta kasa kimanin tan 1 a hekta, don tana cin karo da gurabun rairayi. Saboda haka kewayen rijiyoyi da tashoshin famfo, inda kofato ya niƙe komai, ba ya ƙonewa. Inda ke ƙonewa shi ne makiyayar da ke nesa da ruwa, wadda garke bai kai gare ta ba tukuna, ita ce kuma ajiyar da ake sa rai a kai a watan Afrilu da Mayu. Wuta mafi kyawun ciyawa take zaɓa.

A gabas da hanyar Bermo na tarar da ana sharar layi. Mutum biyu na gaba da igiya mai tsawon mita 20 suna kafa turaku gefe da gefe. A bayansu masu hauya sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna kankare ciyawa daga gindi, masu manjagara na bi suna tarawa, wani yaro kuma yana jan jaki da aka ɗaura wa babban reshen aduwa yana share ɓurɓushi. Ƙarangiya ta cika wandunansu har gwiwa, wasu sun naɗe ƙafa da tsumman buhu. Faɗin da ake nema mita 15 zuwa 20 ne, kuma ƙasa ake so a gani fes, ba ciyawar da aka kwantar ba. Inda aka samu tarakta mai garmar faranti aikin ya fi sauri, amma sai mutane sun bi bayanta, don takan bar tsiri-tsiri a gindin itatuwa da kan gangaren jigawa.

Layi ba a miƙa shi yadda aka ga dama. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, don haka manyan layuka gicciye suke masa, daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Sai a ratsa su da wasu, makiyaya ta rabu gida-gida, in ɗaya ya kama saura su tsira. Kowane baki na layi kuma dole ya ƙare a kan abin da ba ya cin wuta: hanyar mota, bakin rijiya, busasshen tafki, ko wani layin. Layin da ya tsaya a tsakiyar ciyawa don kuɗi sun ƙare, wuta zagaye shi kawai take yi.

Akwai hanyar da ta fi arha. A kankare siraran layuka biyu a jere, a bar ciyawa a tsakani, sannan a ƙone tsakiyar da magariba bayan iska ta kwanta, kaɗan-kaɗan, ana tafiya ana fuskantar iska, mutane a tsaye gefe biyu da ɗanyun rassa. In an yi daidai, an rage wahalar hauya da yawa. In aka yi da rana, ko da mutane kaɗan, to masu aikin da kansu suka tayar da gobarar da aka ɗauke su su hana.

Na tambayi dattijon da ke shugabantar masu sharar me ya fi ɓata layi. Ya nuna tsibin ciyawa da aka tara a gefe.

"Malam, ka ga wancan? In bai tashi daga nan kafin Juma'a ba, aikin banza muka yi."

Gaskiyarsa. Tsibin da aka bari a gefen da iska ke fitowa, ko dai iska ta watso shi cikin layi, ko wuta ta iso ta same shi ta yi tsiri sama, tartsatsi ya tsallake mita 20 ɗin. Ciyawar kuma dukiya ce. Kilomita 1 na layi mai faɗin mita 20 hekta 2 ne, a wuri mai kyau tan 3 na ciyawa ke nan. Inda aka tsara aikin da hankali, amalanke na biye da masu shara, a kai ciyawar gari a killace, a fito da ita a bazara lokacin da dami ke tsada. Dokar kiwo ta 2010 ta sa wa ɗibar ciyawa ƙa'ida, kuma da dalili, don masu manjagara na kasuwa in aka sake su sukan aske wurin kiwo gaba ɗaya. Ciyawar layi ita ce ba wanda ke jayayya a kanta. Sai dai a kula: in shekara da shekaru ana kankare wuri ɗaya a kan jigawa tare da irinsa, iska takan buɗe shi ya zama rairayi mai tafiya. Gara a jira ƴaƴan ciyawa su zube kafin a share, a kuma riƙa gusar da layin gefe.

Sauran matsalolin na lokaci ne da na kuɗi. In aka share tun ciyawa na kore, ruwa ɗaya na ƙarshe ya isa ta sake tsirowa. In aka makara kuwa, wutar Oktoba da Nuwamba, wadda ta fi kowace ɓarna don ciyawa na nan cikakkiya, ta riga ta wuce. A ganina nan ne babban ciwon yake. Sau da yawa sai an gama lissafin ciyawa, an nemi kuɗi, an raba kwangila, kafin a kafa turken farko sanyi ya yi nisa. Biyan da ake yi bisa kilomita shi ma yana da nasa: layi ya cika mita 20 a bakin hanya inda masu duba aiki ke tsayawa, can ciki ya tsuke ya koma rabi. Ko layin da aka yi da kyau ma yana son a sake bin sa da manjagara wajen Janairu, don hunturu na mirgino ƙarangiya ya mayar.

Kada kuma a ɗauka layi shi kaɗai ke kashe wuta. Da rana tsaka, iska na kaɗawa, babbar wuta na iya tsallakewa. Amfaninsa shi ne ya rage mata ƙarfi, ya ba mutane wurin tsayawa, ya ba mota da babur hanyar isowa. Ba a tarar wutar ciyawa ta gaba. Ta baya ake farawa, a bi gefunanta biyu ana matse ta, ƙafa na kan baƙin da ya riga ya ƙone. Mai ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙen buhu yana sharo harshen wutar zuwa cikin baƙi, ba ya maka mata daga sama, don duka daga sama tartsatsi yake watsawa. Mai shebur na bin sa da rairayi. A ƙarshe sai a bar mutane su bi gefen duka suna binne kashin shanu da kututturan da ke hayaƙi. Kashin shanu kan riƙe wuta dare guda, iskar hantsi ta hura shi, a ce wata sabuwar gobara ce ta tashi alhali ta jiya ce. Tayar da wata wuta daga bakin layi don ta je ta tari mai zuwa dabara ce mai aiki, amma ta wanda ya san iska ce, kuma murya ɗaya ke ba da umarni.

Mafarin wutar kusan kullum hannun mutum ne: gawayin shayi da aka tashi ba a binne ba, guntun taba daga mota, murhun zango da aka bar wa yara, masu turara ramin gafiya ko kogon zuma. Dokar gandun daji ta 2004 ta haramta cinna wa daji wuta. Amma tona rami a hura wutar shayi a ciki, a share taki uku kewaye da shi, a rufe da rairayi kafin a tashi, ya fi kowace tara saurin aiki.

Gandun Gadabeji na nan kusa. An keɓe shi a 1955, hekta 76,000, UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take karewa a 2017, a 2018 kuma aka kawo masa raƙuman dawa 8 daga Kure, kusa da Yamai. Abin da na tsaya dubawa a nan gindin itatuwa ne. Babbar aduwa ko kandili ba kasafai wutar ciyawa ke kashe su ba, tana wucewa da sauri. Takan dai ƙona ɓawo ta gefe ɗaya, gara ta samu ƙofa, bayan ƴan shekaru iska ta kayar. Waɗanda ke mutuwa nan take su ne ƙanana da ba su wuce gwiwa ko ƙugu ba. Duk inda ka ga tsofaffin itatuwa tsaye babu ƴaƴa a ƙarƙashinsu, ko dai awaki ne ko wuta.

Daga nan na koma kwalta, ta Gidan Rumji zuwa Madawa, na hau arewa zuwa Buza a jihar Tawa. Duwatsun Adar ba su da tsawo can, amma suna da tsaye: kai a baje, gefe a gangare cike da baƙin tsakuwa, ƙorama ta tsaga ko'ina. A ƙasa cikin kwarin Majiya ga layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don karya iska, jeri bibbiyu, mita 4 tsakanin itace da itace, mita 100 tsakanin layi da layi. Gaba wajen Keita kuma aikin raya ƙasa ne da aka soma a 1984 da tallafin Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda mata da yawa suka haƙa ramuka a jikin duwatsu, kowane tsawon mita 3, faɗi da zurfi santimita 60, a gicciye da gangare don su tare ruwa.

Gangaren da ba a taɓa ba ba ya cin wuta, don babu abin ci. Wanda aka raya shi ne ke cikin haɗari. An haƙa ramuka, dogaye ko masu siffar rabin wata, an dasa dakwara da bagaruwa, an watsa irin kyasuwa, an sa mai gadi ya hana dabbobi shekara biyu ko uku. Ciyawa ta yi kauri daidai cikin ramin da ke tara ruwa, wanda kuma a cikinsa ɗan itacen yake. Wuta ɗaya ta shafe aikin shekara uku. Maganin lauje ne: a watan Oktoba a yanke ciyawar, a share kamar taki ɗaya kewaye da kowane dashe, a raba wa masu aikin su kai gida. An hana baki da kofato shiga, ba a hana ciyawa fita ba.

Wuta a gangare gudunta ya fi na fili. Masana wutar daji suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 na hawa yana ninka saurinta, a digiri 20 ta ninka huɗu. Harshenta ne ke kwantawa a jikin tudu, ya gasa ciyawar da ke sama tun bai kai gare ta ba. Da rana kuma iska hawa take yi tana bin dutsen da ya yi zafi, da dare ta juyo ta gangaro. Ƙorama mai tsukakken baki ta fi ko'ina muni, tana zuga wuta kamar zugazugin maƙeri. Shi ya sa ba a tsayawa sama da wuta, ba a shiga ƙorama a gabanta, ba a kuma gudu a hau tudu, don ba mai tsere mata a hawa. A yi gefe, ko a faɗa baƙin da ta bari, ko a nemi fako.

Layin tare wuta ma a nan ya bambanta da na Bermo. Ba a yin sa a tsakiyar gangare inda wuta ke da cikakken ƙarfinta. Kaɗan bayan ƙoƙuwar tudu ake sa shi, inda ta gama hawa ta fara lafawa. Inda dole ya ratsa gangare sai a ƙara faɗi, a kuma tona ɗan rami a gefensa ya tare garwashi da kashin dabbobi masu mirginowa daga sama, waɗanda kan kunna wuta a bayan masu kashewa. Layin da aka miƙe daga sama zuwa ƙasa kuwa, ruwan farko na damina zai bi shi ya mayar da shi ƙorama. A bi da shi a kwance yadda ruwa ba zai samu gudu ba, a jera duwatsu a inda ya karkata.

Da na dawo Maraɗi na leƙa kudu, ta Madarunfa zuwa gefen dajin Baban Rafi, wanda murhun birni ya daɗe yana ci daga gare shi. Geza da sabara da tsiriri da taramniya ne suka fi yawa, kirya ta zama abin nema. Dokar 1992 ce ta kafa kasuwannin itace na karkara: ƙauye ya riƙe yankinsa na daji, a raba shi kashi-kashi ana sara bi da bi, a sayar da itace da siter, watau tsibi mai mita 1 ta kowace fuska. A kasuwar da ke da cikakken tsari, harajin ana raba shi 50 cikin 100 ga ƙauye, 40 ga ƙaramar hukuma, 10 ga baitulmali. Ba a saran geza da sabara da kaurinsu bai kai santimita 6 ba, tsiriri da taramniya sai sun kai 8.

Kason da aka sare bana shi ne mai saurin kamawa baɗi. Rana ta samu shiga, kyasuwa ta yi tsawo, ga ƙananan rassa da masu sara suka zubar sun bushe, ga tohon kututture ɗanye shakaf. In wuta ta bi ta kansa, kututturen zai sake toho, amma an koma farko, in ta maimaita kuma wasu ba sa tashi. Rassan nan gara a kwashe su a shimfiɗa a kan fako, inda za su tare rairayi da iri, gara ta buɗe ƙasa ruwa ya shiga. Ciyawar a bar masu lauje su ɗiba. Wani ɓangare na kason harajin da ƙauye ke samu an ware shi ne don irin wannan aiki, kuma shi ne kuɗin da ke kusa, wanda za a iya taɓawa a Oktoba ba tare da jiran kowa ba.

A bakin dajin na tsaya, wurin da ake jera siter ana jiran manyan motoci. Ƴan bindigar da ke yawo a kan iyaka sun sa masu sara da masu kiwo da malaman daji duk sun rage shiga can ciki, kuma in hayaƙi ya tashi a tsakiya da dare ba mai zuwa. Saran ya taru a gefen da ke kusa da ƙauyuka, ciyawa kuma tana taruwa a cikin da ba a shiga, don haka layin da ya fi gaggawa a Baban Rafi yanzu shi ne wanda zai raba waɗannan biyun.